Gawayi Ya Riga Mu Isa Gida

Shafi na 17

Tantabara ta riga jirgin sama isa gida da awa huɗu, kuma ni na jawo.

Ku da kuka cika min akwatin saƙo kuna tambayar ko mun samu jirgi, to mun samu. Ga abin da muka tarar.

Ƙarfe takwas da minti goma na yammacin Asabar tasi ta sauke mu a bakin layinmu a Charleroi, nan Beljiyam, ni da Baba Firmin. Rana ba ta faɗi ba tukuna, don yinin bazara dogo ne a nan. Jakarsa na hannuna ɗaya, ɗayan ina tallafe da shi, don numfashinsa ya fara wannan ƙarar kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako.

Ya tsaya cak.

"Kan Siminti," ya ce. Sunan da yake kirana ke nan shekara ashirin da shida, tun ranar da na tare a gidan da ke manne da nasa. "Motar wa nake gani a ƙofata?"

Ta Maryse ce, 'yarsa tilo, ma'aikaciyar jinya a Namur. Ba ta zuwa sai Lahadi.

"Wataƙila miya ta kawo maka."

"Miya. Ranar Asabar. Kai ko ƙarya ba ka iya ɗora ta a miƙe ba, balle bango."

Muka shiga, muka ratsa har bayan gida.

Maryse na zaune a benci da kayan aikinta, ko canzawa ba ta yi ba. Matata Yamna na tsaye jikin bango, silifa ɗaya a ƙafa, ɗayar ƙafar tsirara. A kan teburi an rufe wani abu da tawul.

Tsoho bai dubi kowa ba. Kai tsaye ya nufi ɗakin tantabaru, ya ciro gwangwanin hatsin da ke rataye a ƙusa, ya ɗaga kai sama yana karkaɗa shi.

"Zo, zo, zo. Zo, ɗan baƙi."

"Baba," in ji Maryse. "Ajiye gwangwanin."

"Yanzu ne lokacinsa. Zo, zo..."

"Baba, ya zo."

Gwangwanin ya yi shiru.

Ta janye tawul ɗin. Fiffike ɗaya ne, baƙi wuluk, da ƙafa ɗaya mai zobe.

Gawayi ke nan. Namijin tantabarar da babu kamarsa a ɗakin Firmin. A safiyar nan, bakwai saura kwata, muna tsaye a wani fili a Perpignan, can kudancin Faransa, aka sake shi tare da dubban 'yan'uwansa a gasar tseren komawa gida. Kilomita ɗari takwas da sittin tsakaninsa da wannan rufin.

Tsoho ya zauna a hankali. Ya ɗauki ƙafar, ya juya zoben da ɗan yatsa.

"Ƙarfe nawa?"

Ya ɗago ya dubi matata.

"Yamna, 'yata, ke nake tambaya. Ƙarfe nawa ya sauka?"

"Huɗu da minti goma sha biyu, Baba. Ina wanke-wanke na gan shi ta taga. Ya faɗo daga sama kamar jifa."

"Sakataren ƙungiyarku ta masu tantabaru ya bugo wayar gida," in ji Maryse, muryarta a bushe. "Yana tambayar ko an ga naka. Ya ce na farkon da ya shiga ɗaki a duk yankin nan ya shiga biyar saura ashirin."

Na ga leɓen tsoho na motsi, yana lissafi. Shekara sittin yana tseren tantabaru, bai taɓa zuwa na ɗaya a doguwar tafiya ba.

"Minti ashirin da takwas," ya ce. "Ya ba su minti ashirin da takwas."

Amma tsuntsu sai ya taka 'yar ƙofar shiga, na'ura ta karanta zobensa, sannan a ce ya iso. Wanda ke kan rufi bai iso ba.

Kuma 'yar ƙofar a rufe take. Ni na rufe ta ranar Alhamis saboda kyanwar maƙwabta. Na sa kwaɗo a ɗakin, na kulle ƙofar lambu, na zuba makullan a aljihu. Lokacin da suke magana ma suna nan, ina jin nauyinsu a cinyata.

"Ci gaba," in ji Firmin.

Yamna ta share ido da bakin mayafi.

"Ya sauka a ƙofar, ya tarar da ita a rufe. Ya yi ta sara da baki. Matarsa na ciki tana kuka, shi yana waje yana amsawa. Ya hau rufi, ya sauko, ya hau, ya sauko. Bakinsa a buɗe don ƙishi."

Haka ake yi musu. A raba namiji da matarsa, ranar tafiya a nuna masa ita na ɗan lokaci, sannan a sa shi a kwando. Ba don kofin gasa yake kashe kansa a sama ba. Don ita ne.

"Na hau kujera in tsallako, na kasa," in ji Yamna. Ta juyo gare ni. "Katangar da ka gina ce, Baban Nawal. Mita biyu da rabi. Ka ce ko aljani ba zai haura ba. To ka yi gaskiya."

"Me ya hana ki kira ni?"

Ban san abin da ya fitar da wannan maganar daga bakina ba.

"Me ya hana ni?" Ta ɗaga wayarta sama. "Sau tara! Tara, Mimun! Tana shiga, kana kashewa!"

Gaskiya ne. A lokacin muna zaune a filin jirgi muna jira. Na ga sunanta, na ce mita ce za ta yi min, na kife wayar a cinya. Da na ɗaga sau ɗaya, da na ce ta ɗauko babbar guduma a bayan ƙofarmu ta fasa ƙofar lambun. Aikin minti biyar.

"Da na gaji na kira Maryse," ta ce. "Ita ke da ɗayan makullin. Ba ta samu mai karɓarta a wajen aiki ba sai shida."

"Na iso bakwai saura ashirin," in ji Maryse.

Yamna ta ci gaba: "Shaho ya zo shida saura. Gawayi ya gaji, ko tashi bai iya yi ba. Na jefa silifata ta kan katanga. Ban same shi ba."

Silifar na can kusa da tukunyar fure. Babu wanda ya ɗauko ta.

Maryse ta miƙe. Ta kama hannun ubanta tana duba agogo, ta leƙa farcensa, ta saurari ƙirjinsa. Sai da ta gama aikinta tsaf, sannan ta fara.

"Kwana uku ina bugowa. Kwana uku Yamna na ce min kana gidansu kana barci. Ashe kana bakin iyakar Spain."

"Iska mai kyau ce a can."

"Kada ka yi min wasa, Baba. Me muka yi da kai a watan Janairu, a gaban likita?"

Ya mayar da ido kan fiffiken.

"Ni zan tuna maka. Ƙurar tsuntsayen nan ta cinye maka rabin huhu. Na ce ka dawo gidan tsofaffi kusa da ni, ka yi kuka. Na ce to ka zauna a gidanka da tantabarunka, da sharaɗi: ba shara, ba shiga ɗakin sai da takunkumi, ba tafiya. In ka karya ɗaya, magana ta ƙare. Wa ya tsaya maka?"

Ta juyo gare ni. Idanunta irin na uwarta ne, Allah ya sani ban taɓa son kallonsu ba.

"Wa ya dafa ƙirji ya ce, 'Maryse, bar min shi, amana ce'?"

"Ni ne."

"Kai ne."

"Rabu da shi," in ji Firmin. "Ni na matsa. Tun ina ɗan shekara ashirin nake kai kwando tasha in dawo in zauna ina kallon sama. Ban taɓa ganin yadda ake buɗe musu ba. Na ce sai na gani kafin in mutu. Shi rakiya ya yi."

"Kuma Yamna ta ce min ranar Juma'a ya kamata ku dawo," in ji Maryse.

"An ɗaga sakin tsuntsayen zuwa Asabar, hazo ya rufe duwatsu. Mimun ya ce mu hau jirginmu na Juma'a mu dawo. Ni na ƙi. Na zauna a kan jakata na ce ko da ƙugiya ba za a ɗaga ni ba."

Ƙarya yake yi. A gabana, don ni.

Maryse ta fara sassautowa, na gani a kafaɗunta. Taurin kan ubanta ta san shi, ta saba yafe shi. Da na yi shiru, da wataƙila faɗa za ta yi, ta yi kuka, ta koma Namur.

Amma Yamna na kallona. Shekara talatin da aure, ta san fuskata in na ci bashin gaskiya.

"Ba haka aka yi ba," na ce.

"Kan Siminti, rufe bakinka."

"Ba haka aka yi ba, Maryse."

Na faɗa mata, kamar yadda zan faɗa muku yanzu. Ban rubuta wannan a shafukan baya ba, don kunya.

Safiyar Juma'a da aka ce an ɗaga, muna zaune a wani ɗan shagon kofi. Tsoho ya juya cokali ya juya, ya ce, "Ba rabo. Tashi mu kama jirginmu na rana." Shi ya faɗa, da bakinsa.

Na ciro waya. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na san lamba, na san ranakun mako. Perpignan zuwa Charleroi: Juma'a akwai. Lahadi akwai. Asabar fili fetal, ba komai. Ƙaramin filin jirgi ne, ba kullum ake tashi ba.

Na mayar da wayar aljihu.

Na ce, "Kullum akwai jirgi. Awa ɗaya da minti arba'in da biyar. Tsuntsu kuwa sai ya yi awa goma sha uku. Mu ga tashinsu gobe, mu je gida, ka sha miya, ka yi barcin rana, sannan ka fito ka tarbe shi."

Maryse ta dube ni kamar ta ga wani abu a ƙasan takalminta.

"Ka gani da idonka babu jirgi."

"Na gani."

"Ka ce akwai."

"Na ce a raina ƙasar cike take da filayen jirgi, ba za a rasa wani ba. Kuma an samu. Daga Carcassonne, biyar da rabi na yamma."

"Biyar da rabi!"

"Shi ma awa ɗaya da arba'in da biyar ne..."

"Sake faɗin lambar nan, Mimun, wallahi in kwaɗa maka gwangwanin nan!" Yamna ce.

Lambar ba ta yi ƙarya ba. Ni ne ban ƙirga sauran ba. Bas zuwa tasha. Jirgin ƙasa, da canji a hanya, da tsoho mai hutawa kowane taki ashirin. Wata bas zuwa filin jirgi. Layi. Cire bel, cire takalmi. Zama. In an sauka, jiran keken da za a tura shi, jiran tasi. Awa goma sha uku da rabi daga ƙofa zuwa ƙofa. Awannin da na yanka wa tsuntsu, mu muka ci su.

"Don me?" in ji Maryse. "Abin da nake so in ji ke nan. Don me?"

"Don ya gani."

"Kawai?"

Na so in tsaya a nan. Amsa ce mai kyau, kuma rabinta gaskiya ne.

"Da kuma mutanen ƙungiya. Na faɗa a gabansu cewa zan kai shi ya ga tashi, in dawo da shi ya ga sauka, rana ɗaya. Suka yi dariya. Wani ya ce magini ya zama matuƙin jirgi. Ban so in dawo ranar Juma'a hannu rabbana su ƙara wata dariyar ba."

Macen Gawayi na ta kuka daga cikin ɗaki.

Na ɗauka gaskiya za ta wanke tsoho. Na ɗauka za ta ce laifin nawa ne, ta zage ni, ta bar shi. Kan siminti ne da ni da gaske.

Ta durƙusa a gaban ubanta, ta riƙe gwiwoyinsa. Muryarta ta yi laushi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ka ji, Baba? Da taurin kanka ne, da na ce halinka ne, zan iya da shi. Amma mutum ya leƙa waya ya karanto maka ƙarya, ka bi shi da rabin huhu, kwana uku ba injin numfashinka. Wanda na bar wa amanarka ke nan. In ba shi, wa ya rage a layin nan? Wa zan bar wa kai?"

"Maryse..."

"Akwai ɗaki a gidan tsofaffin. Tun watan jiya suka kira ni, na ce a'a. Ranar Litinin zan ce e."

"Ki hukunta ni," na ce. "Ki hana ni shigowa gidan nan. Shi me ya yi?"

"Ba hukunci ba ne, Mimun. Da hukunci ne da kai zan kai."

Ta shige ciki tana danna waya. Yamna ta ɗauki silifarta ta fita, ko kallona ba ta yi ba.

Muka rage mu biyu.

"Ba ni makullin," ya ce.

Na ba shi. Ya buɗe kwaɗon, ya shiga ba takunkumi, ban hana shi ba. Ya ɗaga 'yar ƙofar da ta kashe Gawayi, ya tokare ta da tsinke, ya bar ta a buɗe. Akwai sauran biyu nasa a hanya.

"Da ka yi shiru," ya ce, bai juyo ba. "Na gina maka ƙarya mai kyau, ka zo ka rushe. Wannan ne karo na farko da ka rushe abin da ya fi naka tsayuwa."

"Ka yafe min, Baba. Na cuce ka."

"Ka ɗauka ban sani ba?"

Na ɗago.

"Ka leƙa waya, ka cusa ta aljihu kamar wanda ya saci ƙwai. Kunnenka ya yi ja. Shekara ashirin da shida ina cinye ka a karta da kunnen nan."

"Ka sani? To me ya sa..."

"Don ina so in gani." Ya yi tari mai tsawo, ya dafa katako. "Kuma na gani. Ka ji ƙarar da suka yi? Kamar an yage sama. Rana ta ɓace. Ban yi da-na-sanin wannan ba."

Zuciyata ta fara sauka. Sai ya juyo.

"Amma da suka tashi, na lashi yatsa na ɗaga. Me na ce maka?"

"Ka ce iskar kudu ce, tana bayansu."

"Na ce me kuma?"

"Ka ce in kira Maryse ta zo ta buɗe ƙofa, ko da za ta kama mu."

"Ka ce me?"

"Na ce na yi lissafi. Ba tsuntsun da zai iso kafin takwas."

"Na ce maka tsuntsu ba ya cire bel, ba ya jiran bas. Ka yi dariya." Ya ɗaga ƙafar mai zobe a tafin hannunsa. "Ƙaryar Juma'a tamu ce mu biyu, na yafe. Ta Asabar taka ce kai kaɗai. Ya yi awa tara da rabi yana zuwa wajena, ya tarar da ƙofa a rufe. Wannan ba ni zan yafe ba. Ka tambaye shi."

Ya sa ƙafar a aljihun rigarsa.

Ranar Laraba mutanen ƙungiya suka zo da kwanduna suka raba tsuntsayen. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma ya fi min.

Macen Gawayi kaɗai ya hana. Ya ɗauko ta da hannunsa, ya wuce ni, ya miƙa wa Yamna.

"Ke kika tsaya masa, 'yata. Kada ki bar wancan ya yi mata lissafi."

Akwati biyu aka yarda ya tafi da su. Ya sa gwangwanin hatsi a ɗaya, Maryse ta cire, ya mayar, ta ƙyale shi. Ta ce min tagar ɗakinsa na kallon wajen ajiye motoci.

Da ta zaunar da shi a mota, ta dawo ta miƙo min makullin lambu.

"Gidan za a ba da haya. Ba sa son ɗakin tantabaru. Kai ka gina, kai za ka rushe."

Na karɓa.

Tsoho ya sauke gilashi.

"Kan Siminti. Daga nan zuwa Namur, nisan nawa ne?"

"Ba nisa, Baba. Minti arba'in ne kawai a..."

Na haɗiye sauran.

Ya dube ni. Ya kusa yin murmushi.

"Ka ga? Har yanzu."

"Ba sai ka auna ba," in ji Maryse, tana tada mota. "Na ba su sunayen masu ziyara. Na Yamna na ciki."

Gilashin ya hau.

A gidan nan aka haife shi, a ɗakin sama, shekara tamanin da ɗaya da suka wuce.

Ni na yi ƙaryar. Shi aka kwashe.